Mu Biyar a Saman Shagon Tayil

Mu biyar ne, in ba a ƙirga janareto ba,
wanda kullum sai an lallashe shi kamar mai jinya.
Ɗakinmu a Tarauni yake, saman shagon tayil,
matakala goma sha bakwai, ta tara ta karye.

Tasi'u ne ya zo da maganar,
sati guda da rufe yayarsa.
Leda biyu ta jini aka nema mata.
Ya ce masu jinin suna nan cikin gari, suna barci,
mu ne ba mu san ƙofar da za mu buga ba.
Tun ranar muke gina abin buga ƙofa.

Mudassir ke rubuta yaren da kwamfuta ke ji.
Ba ya amsa sallama sai ya kai ƙarshen layi,
yajin gurasa ya cika tsakanin maɓallansa,
harafi ɗaya ya daina fitowa sai an danne shi da ƙarfi.

Anti Kubura ta yi shekara sha huɗu a ɗakin haihuwa.
Mun rubuta saƙo mai ladabi, layi uku,
ta karanta, ta tsuke baki:
"Wa zai bi wannan da ƙarfe biyun dare?
Ku ce masa ana neman jininka, ga wurin."
Duk wanda ya yi rajista a manhaja
sai ta kwafe sunansa da biro a littafin 'yan makaranta.
Mun yi mata dariya har ta gaji da harararmu.

Obinna, haihuwar Sabon Gari, shi ke riƙe da kuɗi,
ya fi ni karin magana, ya fi kowa rowa.
Masu zuba jari sun kira daga Ikko
suna tambayar mutum nawa muka tara,
ya faɗi adadin, ya rufe fuska da tafin hannu.

Ni ce mai ɗaukar waya.

Daren Laraba, cikin Agusta,
ruwa ya tare hanya tun bayan isha'i,
muka kwana a ofis ba da niyya ba.
Ƙarfe ɗaya da rabi wata unguwarzoma ta kira daga Ɗorayi,
muryarta a tsaye, amma ina jin takun mutane a bayanta:
O negatif, yanzu.
Na danna, allo ya yi fari.
Na sake dannawa.
Mudassir ya tashi ba takalmi, yana kiran sunan Allah
da sunayen wasu abubuwa da ban sani ba.
Tasi'u ya tsaya jikin taga, bai juyo ba.

Anti Kubura ta buɗe jaka, ta ɗauko littafin,
ta lashi yatsa.
Ita tana karantowa, ni ina bugawa
da hasken tocilan Obinna.
Takwas a kashe. Biyu sun yi ta ƙara.
Ɗaya ya zage ni, yana da gaskiya.
Na goma sha biyu wani Ɗanjummai ne, mai adaidaita a Kabuga.
Ban gama bayani ba ya ce, "Ina ne?"
sai na ji ƙarar sakata.

Manhaja ta farfaɗo bayan asuba,
ta shiga tura saƙo ga mutum arba'in
kan jinin da tuni yake yawo a jikin mai shi.
Mudassir ya kwanta a ƙasa, bai ce komai ba.
Da rana ya sayo leda mai kauri
ya yi wa littafin Anti bango.

Ba mu san sunan matar ba har yau.
An ce namiji ta samu, an ce tana shan kunu.
Obinna ya rubuta a kundin kashe kuɗi:
katin waya, ɗari takwas.
Fetur, lita uku.
Ya daɗe riƙe da biro a kan layi na gaba,
sannan ya sauka neman kafinta
saboda matakala ta tara.